Idan Ungozoma Ta Riga Goggo

Shekara arba'in Goggo tana taka keken ɗinkinta, shekara arba'in ɗin kuma aminiyarta Ungozoma tana haɗiyar yawu a kansa. Da Goggo ta tashi daga wani zazzaɓi da ya kwantar da ita mako biyu, sai ta ce wasiyya za ta yi tun da sauran numfashi. Ungozoma ta raka ta wajen lauya.

Ofishin a bene yake. Sau uku suna hutawa a matakala, kowacce na cewa don ɗayar ta tsaya.

Lauyar, wata matashiya mai tabarau, ta saurari Goggo, ta buga takarda, ta karanto: "Na bar wa aminiyata keken ɗinkina. Idan ta riga ni, wasiyyar ta faɗi."

"Riga?" in ji Ungozoma. "'Yar nan, keke aka ce, ba riga ba."

"Ba ta sawa ba, Mama. Idan kika riga ta rasuwa. Dole wadda aka yi wa wasiyya ta kasance da rai ranar da mai wasiyyar ta cika. In kin rigaye ta ko da awa ɗaya ne, keke ya koma cikin gado."

Goggo ta ji dariya na taso mata tun daga ciki. Tun suna 'yan mata Ungozoma ta tilasta mata kiranta Yaya, wai ta girme ta da shekara biyu.

"To, Yaya," ta ce, "kin ji. Babba ke yin gaba."

"Wace Yaya? Ni fa ban taɓa girmarki ba! Tsayi kawai na fi ki."

"Yau kuma?"

"Wallahi ina rarrafe kina ɗebo ruwa!"

Goggo ta kwashe da dariya har kallabinta ya zame. Ungozoma ta miƙe ta shiga zagaya teburin tana buga ƙafa, wai lauya ta shaida lafiyarta ƙalau. A zagaye na biyu gwiwa ta ce ƙas, ta faɗa kan kujera tana salati tana dariya. Lauyar ta kare fuska da takarda, kafaɗunta na rawa.

Da suka lafa, Goggo ta share hawaye ta dubi aminiyar tata. Sai ta ga ba ta son ranar da Ungozoma za ta zauna gaban keken nan ita kaɗai.

"'Yata, in na ba ta yau fa?"

"Ya zama kyauta, Goggo. Ba sai kowa ya riga kowa ba."

"To soke layin nan."

Kafin la'asar an ɗora keke a bayan mota, tsofaffin biyu na rungume da shi, suna yi wa direba tsawa a kan kowane rami.

Washegari Goggo ta tuna akwai zanen jikarta da ba ta gama kalmasa ba. Ta naɗe shi ta nufi gidan Ungozoma. Ta tarar da ita zaune gaban keken, ta kasa ko zura zare.

"Aron keke na zo yi."

Ungozoma ta dube ta sama da ƙasa. "Sai dai ki bi layi, Yaya. Amma fara nuna min inda ake sa zaren nan."