Aljihun Baba Tela

"A shigo mini da keken ɗinkin nan ɗaki," in ji Baba Tela, ko gaisuwar Direba bai amsa ba.

Direba ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon maƙwabcin nasa. Wata biyu ke nan tsohon bai leƙa waje ba. Direba ne ya kai shi asibiti ranar da aka zura masa siririyar roba mai kyamara, aka ga ƙari a hanjinsa. Aka gutsiri kaɗan aka kai gwaji, bayan kwana goma likita ya ce ciwon daji ne. Aka yi masa aiki, aka bar shi da leda manne a gefen ciki, inda bayan gida ke taruwa. Ciwon bai dame shi kamar ledar ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyara wa mutane zaman riga, ga tasa ta yi tudu a gefe, ina zai iya fita?

"Baba, likita ya ce ka huta fa."

"Likitan da bai iya ɗinki ba? Zo ka ga yadda ya ɗinke ni, duk a karkace!"

Direba ya kinkimo keken yana haki. Kwana uku ana jin ƙararsa ta katanga. A rana ta huɗu sai ga Baba Tela a ƙofar gida, riga ta zauna masa ɗas. Ya yafito Direba, ya ɗaga gefen rigar. Aljihu ne daga ciki, ledar na kwance lafiya, daga waje kuwa 'yar kalmasa ce kawai a hagu. Daɗi ya kama Direba.

Tun daga nan, duk ranar ganin likita da tef ɗin awo a wuya yake zuwa. Ya bi layin marasa lafiya yana raɗa wa masu irin larurarsa, ya ja su gefe ya auna, ya koma gida ya ɗinka musu riga irin tasa. Da hoton asibiti ya nuna ciwon ya kai hanta, a mota ya ce wa Direba, "Biya da ni kasuwa, saura mutum huɗu."

Ya gama na huɗun ranar Talata, ya cika ranar Alhamis da hantsi.

Wajen ta'aziyya wasu baƙi suka zo, su tara, babu wanda ya san su a unguwar. Matar marigayin ta aiko a tambayi Direba ko su wane ne. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kowa da 'yar kalmasa a hagu. Ƙirjinsa ya cika da alfahari.

"A ce wa Inna abokan cinikinsa ne," ya ce.

Wani dattijo a cikinsu ya zauna a kan bencin Baba Tela, ya shafa gefen rigarsa, ya miƙe ƙafa cikin mutane.