Gidan da Hanya ta Ratsa

Ni na sayar wa Salahuddeen gidan, saboda haka duk mai neman wanda zai ɗora wa laifin abin da ya biyo baya ya ajiye mini kasona. Sunana Zailani, dillalin gidaje ne ni a unguwar New Bell, cikin Douala ta Kamaru. A nan aka yanke mini cibiya, a nan aka yanke ta mahaifina. Aikina in haɗa mai saye da mai sayarwa, in karɓi la'ada, in kama gabana. Ba na ƙarya, amma ba kowace gaskiya nake ɗaga murya in faɗa ba.

Salahuddeen mutumin Gusau ne, shekararsa shida yana sayar da atamfa da shadda a kasuwar Marché Congo. Duk shekarun nan ɗaki ɗaya yake kwana da 'yan garinsu huɗu, matarsa Sharifa kuwa tana can gidan mahaifinta. Surukin nasa malami ne mai tsauri, kuma sharaɗi ɗaya ya gindaya: 'yarsa ba za ta zo Douala ba sai mijin ya mallaki gida nasa na kansa, mai katanga da ƙofa, inda baƙon ido ba zai sauka a kanta ba. Salahuddeen ya ɗauki alkawari a gaban mutane. Da wannan alkawarin ya zo wurina, da kuma kuɗin da ko makewayi ba za su saya masa a Bonanjo, unguwar masu kuɗi, ba.

Na kai shi gidan Malam Isma'il, wani tsohon akawu da ya yi gini a Sodiko, hayin gada, yana son komawa can. Ɗaki biyu a dama, madafa da makewayi a hagu, sai tsakar gida doguwa siririya a tsakani, bakinta ɗaya yana kallon titi, ɗayan yana kallon cikin unguwa. Ba katanga gaba, ba katanga baya. Ruwa ba ya shiga ɗakunan ko a watan Agusta, abin da a New Bell ya isa a yi masa walima. Farashin kuma ya yi sauƙin da ya kamata mai hankali ya tambayi dalili.

Muna tsaye muna dubawa sai wata mata ta ratsa ta gabanmu da daro a ka, ko kallonmu ba ta yi ba. Bayanta wani ya turo babur.

"Waɗannan fa?" in ji Salahuddeen.

Na ce, "Maƙwabta ne, Alhaji. Suna ɗan wucewa."

"Amma filin na gidan ne?"

"Na gidan ne. Ga takarda."

Gaskiya na faɗa. Abin da na bari a cikina shi ne, gidaje goma sha ɗaya ne a bayan wurin, kuma tun kafin a haife ni ta wannan tsakar gida suke fita titi. Ba a rubuce yake ko'ina ba. Haka unguwarmu take, hanya takan bi ta ƙofar ɗakin mutum, ta gefen murhunsa, ba wanda ya taɓa ganin abin magana a ciki. Mutumin Gusau kuwa, in fili nasa ne, zagaye abinsa yake yi.

Aka sa hannu a gaban mai unguwa, Malam Isma'il ya kwashe kayansa ya haye gada. Ba a yi mako ba motar bulo ta sauke kaya a bakin titi.

Ranar da magini ya ja igiya, Baffa Hayatu ya fito daga cikin unguwa da sandarsa. Shi ne dattijon gidajen bayan, ya haura tamanin, kuma ba ya ɗaga murya ko da akuya yake kora. Aka turo a kira ni, wai ni na san kan zancen.

"Ɗana, barka da zuwa cikinmu," in ji Baffa. "Fili naka ne, ba mai ja. Alfarma muka zo nema. Ka bar mana 'yar ƙofa a baya, ko da rana kawai."

"Baffa, wallahi da zan iya da na yi," in ji Salahuddeen, yana durƙushe. "Amma ka ga yadda wurin yake. Duk wanda ya shigo, ta ƙofar ɗakin iyalina zai bi. Na yi wa mahaifinta alkawari. Kuma an ce mini akwai wata hanyar."

"Akwai. Ka taɓa bin ta?"

"A'a."

Wani makanike ɗan ƙabilar Bamileke da ke cikin 'yan rakiya ya ce, "Patron, c'est le passage, depuis toujours." Wato hanya ce tun fil azal. Salahuddeen bai cika jin Faransanci ba, ranar kuwa ko kaɗan bai ji ba. Baffa ya yi masa addu'a, ya juya. Da ya zo daidai inda nake sai ya tsaya, ya kalle ni sama da ƙasa, ya wuce.

Katanga ta tashi, ta fi dogon mutum tsawo, aka jera mata fasassun kwalabe a kai. Gaba aka sa ƙofar ƙarfe shuɗiya. Bayan wata guda Sharifa ta iso, ta fito daga tasi ta shige, aka mayar da ƙofa. Daga nan ba wanda ya sake ganinta.

Mutanen baya suka koma lungun kwata. Lungu ne da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manna bayansa da bango, ga lanƙwasa biyu, ga katako ɗaya da aka gitta a kan ruwan dauɗa. Masu babura suka riƙa kwanar da su a titi. Ba wanda ya kai ƙara, ba wanda ya zagi Salahuddeen. Yana sallama a masallaci ana amsawa, a gajarce. Ni ne dai aka daina ba ni shayi a majalisa, na kuwa saba da hakan, sana'ar ta gada.

Wata biyar ana haka, sai Inna Hawwa ta rasu bayan sallar asuba. Tsohuwa ce da ɗakinta ke manne da sabuwar katangar ta baya. Aka yi mata wanka, aka sa ta a likkafani, aka ɗora a makara. Liman da jama'a suna jira a bakin titi, motar da za ta kai maƙabarta ma ta zo. Na bi ta lungu na shiga don in sa hannu a ɗauka.

A lanƙwasar farko makara ta ƙi juyawa. Aka ja baya, aka karkata, aka ɗaga sama da kai, ƙafarta ta daki langa-langar wani rufi. Wani ya ce a miƙar da ita tsaye, Baffa ya ce ba a gabansa ba. Wani ya ce a sauke gawar a naɗe a tabarma, mutum biyu su lanƙwasa da ita. Ɗanta Mukhtar, magidanci mai furfura, ya fashe da kuka ya ce uwarsa ba buhun gari ba ce. Haka muka koma da baya muka ajiye ta a gindin katangar Salahuddeen. Tsallakewa da ita ta sama ma ba ta taso ba, saboda kwalaben.

Aka kira wayar Salahuddeen, a kashe. Aka tura mai babur kasuwa. Hadari yana haɗuwa ta wajen teku, mu kusan talatin muna tsaye cirko-cirko, kowa yana kallon ƙasa. A nan kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na san duk gawar da ta taɓa fita daga gidajen nan ta wannan tsakar gida ta bi, har da ta mahaifina, kuma ranar ciniki ban manta ba.

Sai muka ji muryar mace daga bayan katangar.

"Baffa, ina kwana. Inna ce?"

"Ita ce, 'yata."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku fasa ku wuce."

"Ba ma taɓa katangar mutum ba ya nan, 'yata. Za mu jira shi."

Can sai muka ji dum, katangar ta girgiza. Dum, dum. Bulon Douala yashi ne aka nuna masa siminti daga nesa, a bugu na shida kan taɓarya ya leƙo ta wajenmu. Ba ta tsaya ba sai da ta huda wurin da kai zai shiga. Sannan ta ce, tana haki, "To, ni na fasa. Ku ƙarasa," muka ji ta shige ɗaki ta rufe. Baffa ya ɗaga kai, samari suka sa hannu.

Muna tsakiyar gidan da makara a kafaɗa Salahuddeen ya turo ƙofar ƙarfe. Ya kalli ɓaraguzai, ya kalli taɓarya a yashe, ya kalli maza talatin a ƙofar ɗakin matarsa. Fuskarsa ta yi wani iri. Sannan ya ajiye jakarsa, ya buɗe ƙofar duka biyu, ya karɓi ƙafar makara daga hannun wani. Da shi aka yi salla, da shi aka binne.

Washegari ya kira ni in zo da magini. Ya riga ya sayo bulo. Bai tambaye ni ko na san haka gidan yake ba, ni ma ban tayar da zancen ba. Magini yana kwaɓa siminti sai Sharifa ta yi magana daga bayan labule.

"Maigida, wata biyar ba wanda na yi hira da shi a garin nan sai ita, ta bayan bango, kullum da safe. Ban taɓa ganin fuskarta ba. In za ka toshe, gidanka ne, ka toshe. Amma ka fara mayar da ni Gusau."

"Sharifa, saboda ke na gina."

"Na sani."

Magini ya tambaye ni da ido ko ya ci gaba, na ce ban sani ba. Daga ƙarshe Salahuddeen ya ciro waya ya kira surukinsa a gabanmu. Da ni ne a matsayinsa, da na ce katanga tana nan, don ɓangare uku cikin huɗu suna nan. Shi kuwa bayan gaisuwa sai ya ce, "Malam, na karya alkawarin da na yi maka," ya kuma faɗi komai yadda ya faru. Tsohon ya ce a ba shi 'yarsa. Ta karɓa ta cikin labule, suka yi magana ƙasa-ƙasa, abin da kawai na ji ta ce shi ne, "A'a Baba, ina nan." Da wayar ta dawo hannun mijin, an riga an kashe.

Shekara guda ke nan. Magini ya gyara bakin gurbin ya shafe shi sumul, mutanen baya suna wucewa, maza su yi gyaran murya tun daga nesa, mata su tsaya su gaisa da Sharifa. Malam yana amsa wayar 'yarsa, ta surukinsa ce bai sake ɗauka ba. Salahuddeen bai daina kira ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci zai tsaya a tsakar gidan da waya a kunne tana ƙara har ta katse, in mai daro ko mai babur ya taho sai ya matsa gefe ya ba shi hanya.