Ƙusoshin Kaka

Akawu na shigowa gida ya ji ƙarar guduma. A bakin ɗakin Goggo ya tarar da kafinta durƙushe, yana gyaran ƙyauren da ya shekara yana jan ƙasa. Ganin tsohon gwangwanin shayi a buɗe gefensa, sai gabansa ya faɗi.

"Innalillahi! Malam, wa ya ba ka ƙusoshin nan?"

"Goggo ce ta miƙo min, ranka ya daɗe, nawa sun ƙare. Kai, ban taɓa ganin irinsu ba! Duk dukan da na yi, ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba."

Akawu ya leƙa gwangwanin. Ashirin ya bari da safe, yanzu saura huɗu. Kakansa ne ya ƙera su da hannunsa zamanin Turawan mulki, lokacin da aka tara maƙera aikin tilas a ginin gidan Bature. Wata uku Akawu ya yi yana zarya ofishin gidan tarihi kafin su yarda su saka su a akwatin gilashi da sunan Kaka a jiki. Gobe za su zo ɗauka. Har ya kai babbar rigarsa guga.

"Cire su! Maza, ɗaya bayan ɗaya!"

Goggo, ƙanwar mahaifinsa, ta fito tana dogara sanda.

"Ɗan nan, ka cika ɗaukar zafi. Me ka ce za a rubuta a jikin gilashin?"

Ya zaro takarda daga aljihu, ya gyara murya. "Kyautar da Bature ya yi wa Kaka saboda gwanintarsa."

Goggo ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta.

"Kyauta? Baturen da ko ruwan sha bai ba su ba? Ubanka ne ya yi wa labarin kwalliya don kunya. Kullum in an tashi aiki, sai Baba ya soke ɗaya a cikin hularsa, ya wuce ta gaban mai gadi yana masa sannu da aiki. Wata rana har ta huda masa kai, ya ce ƙuraje ne. Ya rantse da ƙarfen Bature zai kafa ƙofarsa. Har Allah ya karɓi abinsa, duk katakon da aka kawo sai ya ce bai dace da su ba."

Akawu ya tura ƙyauren da yatsa ɗaya, ya rufu lif, ba ko ƙara. Ya buɗe, ya sake rufewa.

Kafinta ya ɗaga filaya. "In cire ɗin, ranka ya daɗe?"

"Bar su. Huɗu ma sun ishi gidan tarihi."

Ya jawo wa Goggo kujera, ya juya takardar ta baya, ya cire murfin biro.

"To Goggo, a hankali. Sau nawa hular ta wuce gaban mai gadi?"