Wasiƙar da Dijatu Ta Karanta da Kanta

Ranar da labarin ya iso, Dijatu tana kaɗa nono a rugarsu ta bayan Chinade. Direban motar kasuwa ne ya kawo wasiƙar.

Mijinta Hammawa ya ce, "Kawo a kai wa malamin makaranta ya duba mana."

"Bar ta, Maigida. Sunana ne a kai."

Ta goge hannu a zane, ta bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Salomi ta rasu a Bogoro, har an binne ta. Mijinta Isaiah ne ya rubuto. Dijatu ta sake karantawa, ko ta yi kuskure. Ba ta yi ba.

Salomi malamar yaƙi da jahilci ce. Shekara shida ke nan da ta fara zuwa rugar tare da wani ma'aikaci daga Azare mai rubuta sunayen talakawa. Mutumin ya dubi garken shanu ya ce nan babu talaka, ya koma mota. Salomi kuwa ta tsuguna ta sayi nono.

"Yaya, me kike so ki yi wanda ba ki iyawa?"

Dijatu ta yi dariya, daga baya ta ɗauko katin asibitin 'yarta Fatu. Sau biyu ranar allura tana wucewa, don babu mai karanta mata.

Shekara biyu suka yi a gindin tsamiya, suna rubutu a ƙasa. Salomi takan ce, "Mai shanu, wannan rubutu ne ko kaji suka yi tono?"

Yanzu Dijatu ta ninke wasiƙar. "Gaisuwa zan je."

Hammawa ya ce, "Ke da ba ki taɓa wuce Azare ba? A tashar Bauchi za ki ɓata."

"Ai motocin suna da suna a goshi."

Ta tafi da ƙwaryar man shanu. A Bauchi 'yan kamasho suka yi ta jan ta, ita kuwa ta tsaya ta karanta allon kowace mota har ta samu tata. A gidan makoki Isaiah ya miƙo littafin masu gaisuwa, ya ce bari ya rubuta mata.

"Ba ni biron. Matarka ta gama wannan aikin."

Har yau, kowace safiya kafin ta tafi tatsa, takan share ƙasar bakin bukkarta da tafin hannu, ta rubuta sunan ranar da yatsa. Kaji su zo su tone.