Wutar Bakwai da Kwata

Ranar Litinin Manaja ya kira Auta ofis, ko kujera bai nuna masa ba, ya juyo masa da fuskar kwamfuta. Auta direban kamfanin fenti ne, shekara tara yana jan a-kori-kura ɗaya, ko kaza bai taɓa takawa ba. Amma ga shi ƙiri-ƙiri: kyamarar da aka manna a gilashin gaban motarsa tana mutuwa kowace safiya, daga bakwai da kwata zuwa takwas saura, kwana goma sha ɗaya a jere.

"Na yarje maka ka sauke mahaifiyarka asibiti kafin ka shigo aiki," in ji Manaja. "Ban yarje maka kabu-kabu da motar kamfani ba. Na ba ka zuwa Alhamis. Ko ka kawo mini dalili, ko ka kawo mini makulli."

Maganar ta yi wa Auta ciwo ƙwarai. A ce shi ake zargi, shi da ko ragowar fenti a gindin bokiti ba ya ɗauka. Ga iyali, ga Inna da ake kai wa gashin ƙafa tun da ta zame a banɗaki. In motar nan ta kuɓuce, da me zai riƙa kai ta?

Ya fara da abin da kowa ke farawa da shi, ya zargi igiyar caji. Ya sayo sabuwa mai kauri, ya bi da ita ta gefen gilashi, ta ƙarƙashin kafet, har cikin akwatin da ke tsakanin kujeru, inda ramukan USB biyu suke. Talata da rana ya duba hotunan safe, babu. Ya mayar da ita ɗaya ramin. Laraba ma haka, kamar an yanka da wuƙa. Abin haushin, kyamarar a bayan madubi take, fuskarta kuma kan yi duhu da kanta bayan minti guda, don haka mutum yana tuƙi ba zai san tana raye ko ta sheƙa ba.

Da la'asar ya tafi garejin wani mai wayarin da ake ce wa Fis, mutumin da ba ya barin mota ta fita sai ya zagi wanda ya taɓa ta kafin shi. Fis ya zura na'urar awon wuta a ramin farko, ya taɓe baki.

"Wannan na rediyo ne, wutarsa ba ta ƙoshi. Ɗayan ne na caji."

"To shi ne matsalar?"

"Da shi ne, da ko yaushe za ta mutu. Wuta ba ta da agogo, malam."

Ya buɗe akwatin fis, ya zare su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su ga haske. Ya girgiza igiyar, ya kashe mota ya tayar har sau biyar, ya sa Auta ya bi ta kan kwalbati da gudu. Kyamara ko gezau, ɗan jan hasken da ke jikinta yana ta ƙifta musu ido kamar tana yi musu dariya. Daga ƙarshe Fis ya zare igiyar, ya jujjuya bakinta, sai ya kai ta hanci.

"Kai, kana shafa man zafi?"

"Ni? Lafiyata ƙalau."

"To igiyarka tana shafawa. Wa ke zama a kujerar nan da safe?"

Inna ce ta faɗo wa Auta a rai. Fis ya ce a bar kuɗin aiki, dariyar da ya sha ta ishe shi.

Alhamis da safe Auta ya yi komai yadda ya saba. Ya turo Inna a keken asibiti har bakin mota, ya ɗaga ta ya zaunar, ya ɗaura mata bel, ya tayar da mota don iska ta ratsa ta. Ya naɗe keken ya zagaya baya zai ɗaure shi. Sai dai yau bai ɗaure ba, ya tsaya yana leƙe ta gilashin baya. Inna ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta ɗaga murfin akwatin da yatsa biyu, ta zura hannu, ta zare igiyar cikin ƙwarewa, ta rufe, ta ɗora hannuwa a cinya kamar ba ita ba.

Ya buɗe ƙofarta a hankali. "Inna, me kika cire?"

Ba ta ko ji kunya ba. "Rage murya, sakarai. Idon maigidanka na rufe. In ka sauka ɗauko keke a asibiti sai in mayar."

"Don me?"

"Don me? Ba kai ka ce duk abin da na'urar ta gani a ofis ake kallo ba? Motar mutane ce, ka ɗauko tsohuwa da kekenta ka ɗora. In ya gan ni ai korarka zai yi. Asirinka nake rufawa."

Auta ya rasa dariya zai yi ko kuka. Ya mayar da igiyar, ya kunna fuskar kyamarar, ya karkato mata ita. Titi ne kawai, da bayan wata motar shara.

"Hanya take kallo, Inna, ba ta ganin cikin mota. Kuma Manaja ya san ina kai ki, shi ya ba ni izini tun ranar farko."

Inna ta ƙura wa motar sharar ido. "Au, wato duk gyaran mayafin da nake yi kafin in cire, ba wanda ke gani?"

Daga nan ya gaya mata sauran, zargin da wa'adin yau. Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta.

"Ɓarawo ya ce maka?"

"Bai faɗa da baki ba."

"Juya motar. Ƙafa ta jira."

Ya roƙe ta, ya ce shi zai yi bayani, ina, ko sauraronsa ba ta yi ba. Haka ya tura ta ta tsakanin bokitan fenti, ma'aikata suna darewa suna gaishe ta, har gaban teburin Manaja. Manaja ya miƙe tsaye da kofin shayi a hannu.

"Ɗana, ni ce nake kashe maka na'ura," ta ce. "Da hannun nan, kwana goma sha uku, yau ne aka kama ni. Jahilcina ne, ba nasa ba. In kora za ka yi, ni za ka kora daga motar, zan san yadda zan je asibiti." Ta nuna Auta. "Amma yaron nan ni na raine shi, ban raini ɓarawo ba. Ka janye wannan a gabana."

Manaja ya ajiye kofin. Ya dubi Auta, mai furfura a gemu, wanda aka kira yaro a gaban ma'aikata bai ko motsa ba.

"Na janye, Mama. Auta, ka yi haƙuri." Ya duba agogo. "Ƙarfe nawa ne gashin?"

"Ya wuce," in ji Auta.

"To me kake jira? Kai ta, ko za su karɓe ta a layi na biyu."