Maganin da Ba Ya Wari

Tun da gwiwa ta hana Baba durƙusawa, Auta ta karɓi aikin feshin maganin ƙwari daga hannunsa. Ta gaji famfon feshi da takunkumin fuska da motar da sai an tura, ta kuma gaji gidan burodin Kawu, wanda shi ne babban wurin aikinsu. Kawu ba ɗan'uwa ba ne, abokin Baba ne tun suna samari.

Ƙananan kyankyasai ne suka addabi wurin, irin masu son ɗumin bayan firji da cikin injin kwaɓa fulawa. Auta ba ta sauko da famfo ba. Sirinji ta ciro cike da wani magani mai kauri, ta bi lungu-lungu tana ɗiga shi kamar ƙwayar shinkafa.

Kawu ya bi ta da kallo, ya shaƙi iska, ya sake shaƙa.

"'Yata, sai yaushe za ki fara?"

"Ai na gama, Kawu."

"Kin gama? To ina warin? Babanki in ya yi feshi, har maƙwabta sai sun yi tari."

"Wannan ci suke yi. Wanda ya ci ya koma rami ya mutu, 'yan'uwansa su ci gawarsa su bi shi. Abu ɗaya nake roƙo: kar a goge, kar a fesa komai a kai. In suka ji warin feshi ba za su kusanci abincin ba."

"Wato liyafa kika shirya musu a gidana," in ji Kawu.

Da ta dawo dubawa, ta tarar da tarkunan danƙon da ta ajiye sun cika maƙil, ɗigon maganin kuwa yana nan yadda ta bar shi, ko lasa ba a yi ba. Kawu ya tsaya a kanta, hannu a ƙugu.

"Jiya wata mata ta ga ɗaya yana yawo a kan kanta, yana gyara gashin baki kamar shi ne mai shagon. Ina jin nauyin babanki, amma in aka kai ƙarshen wata a haka, wani kamfanin zan kira."

In gidan burodi ya suɓuce, sauran shagunan layin ma bin sa za su yi, a ce 'yar ba ta kama ƙafar uban ba. Auta ta kunna tocila ta kwanta rubda ciki a ƙarƙashin injin. A gindin bango ta ga wani layi mai ɗan sheƙi, miƙaƙƙe tamkar an ja shi da zare. Ta kai hanci. Wannan warin ta san shi tun tana goye, shi ne warin rigar Baba. Kuma duk garin ba mai jan layin feshi haka sai mutum ɗaya.

Ta sami Baba a tsakar gida, ya miƙe ƙafa a kan kujera, yana goge bakin famfon da ya ce ya yi ritaya da shi.

"Baba, gwiwa ta yi sauƙi ke nan?"

"Da sauƙi, da sauƙi."

"Na ga alama. Har ta kai ka bayan injin Kawu."

Baba ya ci gaba da goge abin da ya riga ya yi fes. Can ya ce, "Mutumin nan waya ya yi mini, wai kin zo kin yi wa bangonsa kwalliya kin tafi. Ni kuwa in zauna ana cewa 'yata ba ta yi aiki ba? Ɗan kaɗan na sa, don ya ji a hancinsa."

"Shi ya ji, su ma sun ji. Ka kore su daga abincin, sun watsu har kan kanta."

Mama ta leƙo daga kicin. "Na ce masa ya zauna. Ya ce masallaci za shi. Kin taɓa ganin mai zuwa masallaci da takunkumi?"

"Ke kuma wa ya sa da ke?" in ji Baba, amma dariya ta riga ta kama shi.

Washegari su biyu suka koma. Auta ta sa aka ja injin da firji, aka wanke gindin bangon da ruwan zafi da sabulu har layin Baba ya ɓace. Baba na zaune a kan buhun fulawa yana kallo kamar ana rushe gidan da ya gina. Da wurin ya bushe ta sake ɗiga sabon magani, sannan ta miƙa masa famfonsa.

"Kwatar waje taka ce, Baba. Manyan da ke fitowa daga can, feshi ne daidai da su. Amma daga bakin ƙofa zuwa ciki, nawa ne."

Baba ya saɓa famfo, ɗingishin ma ya ragu. Kawu ya tsaya a ƙofa ya ja numfashi har ya ƙware.

"Yawwa!" ya ce yana tari. "Yanzu na ji aiki."

"Kai dai tsoho, hancinka ne zai kashe ka," in ji Baba.

Kafin wata ya ƙare Kawu ya kira ta a waya, murya a sama.

"'Yata, wannan wace irin fitina ce? Kullum da safe sai mun share gawa cike da abin kwasar shara. Bayana har ya ƙage!"

"Za su ragu, Kawu. Tarkunan fa?"

"Wayam, sai ƙura. Af, mai kantin magani na kusa da ni yana son ki leƙa shi. Na ce masa kar ya tambaye ki komai, ya dai sayi tsintsiya mai ƙwari."