Kofin Wietske

Wietske Hoogland, alƙaliyar wasan, ta gani sarai. Yarinyar kulob ɗin Leiden ta buga ƙwallo, ta sheƙo da gudu, ta tsallake matashin da ake takawa a zangon farko ko yatsa bai taɓa shi ba. Sai bayan ta wuce ƙwallon ya iso hannun Fenna, 'yar Haarlem mai tsaron zangon. Can zangon ƙarshe kuwa wata 'yar Leiden ta riga ta shige da makin da zai tura kulob ɗin Haarlem rukunin ƙasa.

Dokar sofbol, wasan buga ƙwallo da sanda a zaga zanguna, a nan ba ta da kunya. Alƙaliya ba ta tsegumi: sai Fenna ta taka matashin ta ce, "Ba ta taɓa ba," kafin mai gudun ta dawo, sannan makin ya rushe. Wietske ta shimfiɗa hannu alamar an tsira, zuciyarta tana ihu. A kulob ɗin Haarlem ta girma, ita ta koya wa Fenna riƙe safar hannu ta kama ƙwallo. Amma Fenna na can tana kallon sama tana cizon leɓe, har yarinyar ta dawo ta taka abinta.

Wani ɗan son-a-sani cikin iyayen yara ya ɗauka a waya, kafin a kai ɗakin shan kofi kowa ya gani.

"Sannu, uwar gaskiya!" in ji Siebe, shugaban kulob, wanda bai taɓa karanta dokar ba. "Ko tari ba ki iya yi mata?"

"Ba ni da mura, Siebe."

Fenna ta matso, idanu jawur. "Anti Wietske, kin gani?"

"Da idona biyu."

"Kika ƙyale ni?"

"Tun kina ƙarama nake ce miki ki kalli ƙafa. Ni ba 'yar wasanku ba ce yau."

Maganar ta yi wa Wietske ciwo fiye da yadda ta yi wa yarinyar, amma ba ta janye ta ba.

Siebe ya zare kofinta daga ƙusar da yake rataye tun tana budurwa, ya dangwara mata. "Tafi da kayanki."

Ta karɓa. Ta tsiyayi kofi da kanta, ta shanye a tsaye, ba gaggawa. Ta wanke shi, ta goge, ta mayar kan ƙusarsa.

"Mai son cire shi ya bari sai na mutu," ta ce. "Fenna, ranar Talata ki zo da wuri. Kallon ƙafa za mu koya."